Anti Caro, Mai Gadin Takalma

Kafin a kaɗa ƙararrawar karin kumallo ta riga ta zauna. Kujerarta 'yar tsuguno ce ta roba, shuɗiya, ƙafa ɗaya ta tsage an ɗaure da waya. Wurin ajiye ta bai taɓa sauyawa ba: gefen ƙofar babban ɗakin taro, daidai inda yara ke cire takalma kafin su shiga, kamar yadda ake yi ko'ina a ƙasar nan. A damanta manyan filas biyu na ruwan ɗumi, a hagunta kwando cike da rigunan sanyi da safa, safar nan da wuya ka samu biyu masu kala ɗaya. Yara arba'in da 'yan kai za su wuce ta gabanta ɗaya bayan ɗaya. Ta kira sunan kowa, ta tsokani wannan, ta ja kunnen wancan, amma ba ta ɗaga kai ta dubi fuska sai ta gama duban ƙafa. Haka da safe, haka da azahar, haka kafin abincin yamma, kwana biyar a jere, yau shekara tara ke nan.

Sunanta Caroline, 'yar Kagoro, matar Dakta Luke mai koyarwa a jami'ar da ke Jalan Semarak a nan Kuala Lumpur. Yara suna ce mata Anti Caro. Mu iyaye kuwa, Allah Ya yafe mana, a bayan idonta mai gadin takalma muka sa mata, kuma ba da niyyar yabo muka sa ba. Ina cikin waɗanda suka fara faɗa, don haka ni ya kamata in fara neman afuwa a bainar jama'a.

Ga wanda bai sani ba, duk dogon hutun makaranta akwai wani sansani da ake buɗewa a gindin tsaunukan da ke bayan Kuala Lumpur, tafiyar awa guda a mota, inda rafi ke gudu a ƙasa, birai kuma suna jiran ka juya baya su sace maka burodi. Wasu iyaye 'yan ƙasa ne suka kafa shi domin yaran da ke fama da ciwon da ba ya barin mutum: masu cutar jini da ake yi wa ƙarin jini a kai a kai, masu asma, masu ciwon suga tun ƙuruciya. Daga baya suka buɗe mana ƙofa, mu baƙi, muka kawo namu, yawancinsu masu sikila. Kwana biyar ne kacal a shekara da yaro zai kwana ba a ɗakin uwarsa ba, ya yi wasa da tsaransa waɗanda su ma da jakar magani suka zo, babu mai kallonsa da ido na tausayi. Ɗana Rayyan asma gare shi, kuma tun ana sauran wata biyu yake fara ƙirga kwanaki.

A shekarar farko mun ga kowa yana kai-komo. Masu girki suna fama da tukwane, ɗalibai 'yan sa-kai suna ta gudu da yara a fili, likitar sansanin ba ta ko samun zama, ita kuwa wannan baiwar Allah ta kafe a bakin ƙofa tana kallon silifa. Muka ce to, ga wadda ta zo shan iska. Abin da ba mu sani ba shi ne, shekara goma sha huɗu ta yi tana aikin nas a ɗakin yara na wani asibiti a Kafanchan kafin ta biyo mijinta. A nan takardunta ba su ba ta ikon taɓa ko allura ba. Wata da ta tattara ta zauna a gida tana ƙorafi. Ita sai ta dubi abin da ya rage mata wanda babu dokar da ta hana, ta ga ido ne, ta ɗauko kujera.

Dalilin zaman ma daga wurinmu ya samo asali. Mu mutane ne da aka raina a kan cewa amsar "yaya jiki" ɗaya ce tak: da sauƙi. Ko mutum yana jin ransa na fita, da sauƙi. Yaro ya tashi ya ga uwarsa tana faɗa, kakarsa tana faɗa, in ya yi kuka a ce masa rago, in ya daure a ce ya yi halin gida. 'Ya'yanmu da aka haifa a nan Hausar ma ta gagare su, da Turanci ko Malay suke ba mu amsa, amma wannan ɗabi'ar ba ta bar su ba, sauya mata harshe kawai suka yi. Likita 'yar Malay za ta durƙusa ta tambayi yaro cikin lallashi, ya sunkuyar da kai ya ce "okay lah", ita kuma ta yarda, domin a iya saninta yaron da ke jin ciwo faɗa yake yi. Ga shi sikila ba cutar da suka saba gani ba ce a nan. Anti Caro ta san mu ciki da bai. Takan ce Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ita ta ga fuskokin da aka koya wa ƙarya tun suna goye, ƙafa ce ba a koya wa ba. Yaron da ƙugunsa ya fara ciwo ba zai sunkuya ya kwance maɗaurin takalmi ba, da yatsan ɗaya ƙafar zai ture shi. Wanda gwiwa ta riƙe sai ya dafa bango. Mai asma da ƙirji ya fara matsewa yakan tsaya tsakanin takalmi na farko da na biyu ya huta. Tana ganin haka za ta miƙa kofin ruwan ɗumi da rigar sanyi, ta raɗa wa likita, ba tare da yaron ya ji an tona masa asiri ba.

Rigunan sanyin nan ma sai da muka yi mata dariya. Wa zai sa rigar sanyi a ƙasar da ko wanka ka yi kafin ka kai bakin titi ka jiƙe da gumi? Mun baro namu a akwati a Kano da Zariya. Ita ce ta tuna mana cewa zafin na waje ne, amma motar bas da ɗakin taro da manyan shaguna duk an ƙure musu na'urar sanyi kamar za a adana nama, ga ruwan sama da ke saukowa babu sallama, kuma babu abin da ke tayar da ciwon mai sikila kamar ya jiƙe sannan sanyi ya buge shi. Malay ɗinta bai wuce kalmomi huɗu ba, makan da minum da boleh da tak boleh, wato ci da sha da an yarda da ba a yarda ba. Da su ta yi shekara tara tana juya direbobin bas har su rage sanyi.

Ke ce, Anti Caro, kika tsayar da Rayyan wata safiya yana ta rantsuwa lafiyarsa ƙalau, kika ce ya zauna kusa da ke ya taya ki haɗa safa. Kafin a gama karin kumallo numfashinsa ya fara kuka, ga likita a tsaye da abin shaƙa a hannu domin kin riga kin kira ta. Ke ce kika gano Afnan ta daina shan ruwa da rana don kunyar yawan zuwa banɗaki, kika maida abin gasa tsakaninki da ita, har yarinyar nan ta riƙa zuwa tana ba ki rahoto da alfahari. Irin waɗannan ba su ƙirguwa, kuma ba a rubuta su ko'ina ba, domin ciwon da aka tare tun bai tashi ba ba shi da labari.

Amma wanda ya sa na ɗauki alƙalami labarin Rumaisa ne, kuma da izinin uwarta nake ba da shi.

Rumaisa 'yar Malam Sharfaddeen ce da matarsa Khaulah, mazauna hawa na goma sha huɗu a wani bene a Pantai Dalam. Kafin ita sun haifi namiji, Yusha'u, sikila ta ɗauke shi a Kano yana ɗan shekara huɗu. Wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu, don haka babu mai ganin laifin Khaulah da ta riƙe 'yarta kamar ƙwai. Daga makaranta sai gida. Ba wasan ƙasan bene, ba zuwa gidan ƙawa, ba fita in hadari ya haɗu. Yarinya ta kai shekara goma sha ɗaya, abin da ta sani na Kuala Lumpur shi ne abin da taga ke nuna mata, jirgin ƙasa yana wucewa da yaran maƙwabta suna buga ƙwallo. Shekara biyu Anti Caro ta yi tana lallashi kafin Khaulah ta yarda a kai ta sansani. Da ta yarda ma, a bakin mota ta riƙe hannun Anti Caro ta ce amana ce ta ba ta.

Kwana biyun farko wanda ya ga Rumaisa ba zai ce ita ce ba. Ta yi ƙawaye, ta koyi waƙar Malay, aka zaɓe ta ta ja baki ranar da iyaye za su zo kallo. Rana ta uku aka kai su yawon buɗe ido cikin gari. An raba musu sabuwar rigar sansani mai ruwan ɗorawa, ita kuma ta ga rigar sanyi tana rufe mata ado, ta tuɓe ta cusa a jaka. Ruwa ya kama su tsakanin ƙofa da mota, suka yi awa guda a cikin sanyin bas da jiƙaƙƙun kaya.

Da yamma, wajen shiga cin abinci, ta ture takalminta da yatsan ƙafa. Anti Caro ta gani sarai. Sai ta yi abin da ta yi shekaru tana hana wasu: ta tambaya. Yarinyar ta washe baki ta ce da sauƙi, okay lah, gajiya ce kawai, ta ƙara da cewa ko Anti ta ji an ba ta jan waƙa? Farin cikin da ke fuskar nan ya ci Anti Caro da yaƙi. Ta ba ta ruwan ɗumi da safa, ta bar ta ta shiga, ba ta faɗa wa likita ba.

Washegari da safe Rumaisa ta iso ƙofa a ƙarshen layi, maɗaurin takalmi a kwance yana jan ƙasa. Ta kama ƙyaure ta tsaya, ta kasa ɗaga ƙafa, numfashi guntu-guntu. Anti Caro ta taɓa goshinta ta ji zafi rau. Ba ta tambayi komai ba wannan karon, ta saɓe ta a kafaɗa, mace mai shekara hamsin da ciwon baya, ta nufi ɗakin likita da gudu. Ciwon ya riga ya hau ƙirji. Kwana takwas aka yi a asibiti, da ƙarin jini, da kwana biyu da babu wanda ya san inda abin zai faɗa.

Abin da Khaulah ta faɗa wa Anti Caro a barandar asibiti ba zan maimaita ba, ita ma yanzu ba ta son tunawa. Kullum sai Anti Caro ta hau jirgin ƙasa ta zo da kwanon gwaten acha, daga ɗan achan da take ɓoyo tun wanda aka aiko mata na Kirsimeti, ta ajiye, ta zauna a kujerar waje. A rana ta biyar, da Khaulah ta tafi salla, yarinyar ta yafito ta. Cikin raɗa ta gaya mata cewa tun a mota ciwon ya fara, amma Umma ta ce mata daren tafiya, in dai ta kuskura ta yi ciwo ko sau ɗaya a can, ita da sansani har abada. To yaya za ta faɗa?

Bayan an sallame su Anti Caro ta hau benen nan. Ta cire takalmi, ta zauna a ƙasa, ta ƙi kujera. Ta fara da nata laifin, ba ta rage komai ba: ta ga alama, ta yi shiru, kuma wannan zai bi ta har kabari. Sannan ta ɗago.

"Maman Rumaisa, na karɓi nawa. Saura naki, kuma don ina ƙaunarki zan faɗa. Ba sansani ne ya rufe wa yarinyar nan baki ba. Kin ce mata in ta yi ciwo ta rasa abin da ta fi so a duniya. Ciwo kuwa ba ya jin sharaɗi, zai zo. Abin da kika hana shi ne faɗa."

Khaulah ta miƙe ta buɗe ƙofa ta ce, "Na gode, Anti. Ni na binne ɗa, ba ke ba. A gaida gida."

Shekarar da ta biyo baya Rumaisa ba ta zo ba. Mun ɗauka magana ta ƙare, wasunmu har suna cewa da ma wa ya aike ta shiga tsakanin uwa da 'ya. Amma duk farkon wata sai ta hau benen nan. A gaisa a tsaitsaye, a ba ta shayi, wani lokaci ko Rumaisa ba a kira mata. Ta sha shayinta ta yi godiya ta sauko. Mijinta ya ce ta bar mutane su huta, ta ce masa ai ba wurin uwar take zuwa ba, so take yarinyar ta riƙa ganin takalminta a bakin ƙofa ta san ba a manta da ita ba.

Allah ne Ya raba gardamar, a cikin gidan Khaulah, ba ruwan sama, ba motar bas. Wata rana Rumaisa ta dawo daga makaranta, uwar tana tsaye a bakin kicin, ta ga 'yarta ta dafa bango ta ture takalmi da yatsa. Ta tambaye ta, yarinyar ta ce lafiya lau, ta wuce ɗaki. Khaulah ta ce a nan ta gane. Shekara guda ta kulle ta a gida don kada ta yi ciwo, ashe ciwon yana zuwa yana tafiya a ƙarƙashin hancinta, yarinya tana cije filo ita kaɗai don kada a ƙara tsuke mata duniya. Ranar ita da kanta ta ɗauki waya ta kira Anti Caro. Ta ce za ta bar ta ta koma, amma da sharaɗin ita ma za ta zo.

"Boleh," in ji Anti Caro. "Amma ba za ki bi ta ciki ba. Kusa da ni za ki zauna, a bakin ƙofa. Ki zo da kujerarki."

Shekara biyu ke nan suna zama tare, ɗaya da gyale ɗaya da ɗankwali, suna gardama a kan wa ya fi iya miyar kuka, Anti Caro tana zungurarta da gwiwar hannu in yaro ya dafa bango. In lokacin salla ya yi Anti Caro ce ke korar ta, ta ce tafi, takalman ba za su gudu ba.

Bana kwantiragin Dakta Luke ya ƙare, gida za su koma kafin ƙarshen shekara. Sansanin da aka rufe makon jiya shi ne nata na ƙarshe. Ina tsaye a wurin safiyar rana ta biyar, ranar da iyaye ke zuwa kallo. Rumaisa, wadda yanzu ta kai sha huɗu har ta fi uwarta tsawo, ta zo a tsakiyar layi. Ta tsaya, ta ɗan jinkirta, ta sa yatsa ta ture takalmin hagu. Anti Caro ta gani, na ga ta gani, amma ta naɗe hannu ta kawar da kai kamar mai kallon birai. Khaulah ma ta gani, ta buɗe baki. Yarinyar ta riga ta.

"Umma, ƙuguna yana ciwo tun da na tashi. Ba sosai ba, amma yana yi. A ba ni ruwan ɗumi, a kira likita. In ta ce boleh, ni zan ja waƙar."

Khaulah ta kai hannu kan murfin filas. Ba ta ce a ɗauko jaka ba, ba ta ce a kira Malam ya kawo mota ba. Ta tsiyaya ruwa a kofi, ta miƙa mata, ta zaro rigar sanyi daga kwando ta yafa mata, ta ce, "Sha. Bari in kira ta." Likita ta duba, babu zazzaɓi, ƙirji lafiya, ta ba da magani ta ce a huta har azahar. Da la'asar Rumaisa ta ja waƙar da ta yi shekara uku tana jiranta, a zaune kan kujera, da safa ɗaya kore ɗaya ja. Anti Caro da ba mu taɓa ganin hawayenta ba, ko a barandar asibiti, ta rufe fuska da gefen zani ta yi kuka har kafaɗunta suna girgiza.

Ke ce, Anti Caro, wadda aka hana allura kika yi jinya da ido. Ke ce kika yi kuskure sau ɗaya kika ɗauke shi a ka kika hau da shi hawa goma sha huɗu, wata bayan wata, ba ki jira an ce an yafe ba. Kin zo ƙasar da ba taki ba, kin zauna a ƙasa a bakin ƙofa domin 'ya'yan da ba ke kika haifa ba, muna yi miki dariya kina miƙa mana safa. Mun gode. Mun gode da bakinmu, mun gode a madadin yaran da ba su ma san an tare musu wani abu ba. Sunan da muka sa miki don raini ki riƙe shi, mun wanke shi mun mayar miki, babu wanda ya fi shi daraja a wurinmu yanzu. Allah Ya saka miki da alheri, Ya kai ku Kagoro lafiya, Ya ba ki masu duba ki ranar da ke ma za ki ce da sauƙi alhali ba sauƙin.

Mu kuma da muka rage, abu biyu ta bar mana. Na farko a gidajenmu yake: in ɗanka ya ce yana jin ciwo, kada abin da zai fara ji daga bakinka ya zama abin da za a hana shi. Na biyu a sansani yake. Shuɗiyar kujerar tana hannun Khaulah, ta ƙi yarda a sauya mata ƙafa. Amma yara sun ƙaru, baɗi za a buɗe ƙofa ta biyu ta ɓangaren maza, kuma har yanzu babu wanda ya ce zai zauna a bakinta. Ba a neman takarda, ba a neman Malay. Kwana biyar ne a shekara. Wanda ya shirya ya nemi Maman Rumaisa, ya zo da kujerarsa.